Dakta Theodor Bilharz: Likitan Da Ya Gano Tsutsar Tsargiya

Da yawa daga cikinmu a unguwar Kilomita Biyar mun san tsargiya, wato fitsarin jini da ke kama yara masu wanka a rafi. A asibiti muna jin ana kiranta bilarziyoz, amma kaɗan ne suka san cewa sunan wani likita ne aka laƙaba wa cutar.

An haifi Theodor Bilharz ranar 23 ga Maris, 1825 a garin Sigmaringen na ƙasar Jamus. Ya yi karatun likita a jami'ar Tübingen. A 1850 ya bi malaminsa Wilhelm Griesinger zuwa Masar, inda ya kama aiki a asibitin Kasrul Aini da ke Alƙahira. A lokacin fitsarin jini ya yi katutu a tsakanin manoman bakin Kogin Nilu, kuma babu wanda ya san musabbabinsa.

A 1851, yana binciken gawar wani mamaci, sai ya ga wasu fararen tsutsotsi a cikin jijiyar jini mai zuwa hanta. Da ya ƙara dubawa, ya tarar namijin yana riƙe da macen a cikin wani kwari na jikinsa. Daga baya ya ga ƙwayayensu a bangon mafitsara da cikin fitsarin marasa lafiya. Nan asirin cutar ya fara tonuwa.

Masanan da suka biyo bayansa sun gano abin mamaki. Babbar tsutsar tana lulluɓe kanta da sinadaran jinin mutum, har garkuwar jiki ta kasa gane ta, ta zauna shekaru. Ƙwayayenta ne sojojin jini ke yi wa taron dangi. Suna kewaye kowane ƙwai da ya maƙale, wurin ya kumbura, ya zama tabo. Wannan faɗa na kare kai shi ne ke lalata mafitsara da hanta sannu a hankali, har yakan kai ga ciwon daji na mafitsara. Jiki yana ɗaukar shekaru kafin ya koyi turjiya, shi ya sa cutar ta fi yawa ga yara 'yan makaranta.

Bilharz bai ga ƙarshen aikin ba. A 1862 ya raka wani basaraken Jamus zuwa Masawa a gaɓar Bahar Maliya, ya kamu da zazzaɓi mai zafi, ya rasu a Alƙahira ranar 9 ga Mayu yana da shekara 37. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar, a can Masar, cewa ta jikin dodon koɗi na ruwa tsutsar ke bi kafin ta huda fatar mutum.

Jama'a, har yanzu wasu iyaye na ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ga yaro namiji. Ba haka ba ne. Cuta ce, kuma tana da magani mai suna Praziquantel. Duk wanda ɗansa ke iyo a Kogin Ubangi ko a ƙoramu, ya ga jini a fitsarinsa, ya kai shi a gwada tun kafin tabon ya zauna. Allah Ya ba mu lafiya, amin.