Jules Brévié: Mataimakin Gwamna Na Farko A Ƙasar Nijar

Duk wanda ya bi diddigin sarautun ƙasar nan a shekarun 1920, ko ya so ko bai so ba, sai ya ci karo da sunan Jules Brévié. Ba ɗan sarauta ba ne, ba musulmi ba ne, ba ma ɗan ƙasa ba ne. Amma daga 1922 zuwa 1929 babu rawanin da ya zauna daram a kan wani babban basarake sai da yardar ofishinsa. Dalili ke nan da ya sa muka ba shi wuri cikin wannan littafi na tunawa da shekaru ɗari na sarauta.

An haife shi a 1880 a garin Bagnères-de-Luchon, can kudancin Faransa. Ya yi karatu a makarantar horar da ma'aikatan mulkin mallaka da ke Paris, sannan aka turo shi ƙasar Sudan ta Faransa, wadda ake kira Mali a yau, yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai. Mutum ne mai son bincike da rubutu. A 1904, yana aiki a wajajen Niafunke, shi ne ya sanar da Turawa labarin dogayen duwatsun nan na Tondidaru da mutanen da suka kakkafa. A 1923 kuma ya fitar da littafi a kan Musulunci da addinin gargajiya, inda ya nuna ƙarara cewa bai son yaɗuwar Musulunci cikin masu bin al'adun kakanni. Mai irin wannan ra'ayi ne aka ɗora a kan ƙasar da malamai da alƙalai suka daɗe da kafuwa.

Muƙaminsa yana bukatar bayani, domin jama'a gwamna kawai suke cewa. A takarda kuwa sunan muƙamin lieutenant-gouverneur, wato mataimakin gwamna. Babban gwamna ɗaya ne tak a Afirka ta Yamma ta Faransa, yana zaune a Dakar, shi ne kuma ke da ikon magana da ministan da ke Paris. Kowace ƙasa daga cikin ƙasashen tarayyar tana hannun mataimaki guda. Kuɗin kwastan Dakar suke tafiya, shi mataimaki sai ya riƙe ƙasarsa da harajin kai da ake karɓa daga talakawa. A ƙarƙashinsa akwai kwamandoji, ƙarƙashin kwamandoji sarakunan kanton, sannan masu gari. Idan ya dubi sama bara ne mai jiran umurni. Idan ya dubi ƙasa kuwa babu mai ja da shi, domin wasiƙa kan yi makonni kafin ta kai Dakar ta dawo, kafin nan ya riga ya zartar. Kwamandan ya kawo sunan wanda yake so, mataimakin gwamna ya sa hannu, shi ke nan an yi sarki. Haka ma tuɓewa. Sai a 1937 aka daina kiran masu wannan kujera mataimaka.

Kafin zuwansa sojoji ke mulkin ƙasar, kuma Damagaram ce mazauninsu tun 1911. Yaƙin Kawusan na 1916 da 1917 a Agadas ya ƙara jinkirta miƙa ta ga farar hula. Sai a ranar 13 ga Oktoba 1922 aka sa hannu kan dokar da ta mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, Brévié ya sauka Damagaram a matsayin mataimakin gwamna na farko.

Garin da ya tarar yana cikin baƙin ciki. A 1899 Faransawa suka ci yaƙin Tirmini, aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1906 suka zargi magajinsa Ahmadu Ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa. Suka danƙa riƙon gari ga Ballama, bawan fada wanda ba jinin gidan ba ne. Shekara goma sha bakwai zuriyar Tanimu na kallon gadon kakanninsu daga nesa. A 1923, shekarar farko ta mulkin Brévié, aka maido da sarauta gidanta, aka naɗa Barma Mustafa, wanda ya zauna har 1950.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙauna ce ta kawo haka. Turawan da ke riƙe da wannan makekiyar ƙasa ƴan ƙalilan ne, kuma Brévié ya gane cewa talaka ya fi jin maganar wanda ya san ubansa da kakansa a kan karaga. Sarautar da aka maido ba irin ta zamanin Tanimu ba ce mai ganuwa da igwa da rundunar dawaki. An bar mata tambari da dogarai, aka ɗora mata tara haraji, da fitar da mutane aikin tilas, da ba da samari aikin soja. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Duk da haka, a ganina, sarakunan wancan zamani sun cancanci a yi musu adalci: sun tsaya tsakanin wuta biyu, kuma ta hannunsu ne gidajen sarauta suka tsira har muka gaje su.

Bayan shekara uku ya karɓe da hagu abin da ya kusa kai wanda ya bayar da dama. A ƙarshen 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. An kawo dalilin ƙarancin ruwan sha, wanda gaskiya ne, Damagarawa sun fi kowa sanin haka. Amma akwai na biyu: garin ya yi kusa da Kano, inda Ingilishi suke da jirgin ƙasa, kuma zuciyar fatakenmu da malamanmu can take fuskanta. Yamai tana bakin kogi, ta fi kusa da Dahome da hanyar Dakar. A daidai wannan lokaci aka yanko Sayi da Tera daga Haute-Volta aka haɗa da Nijar. Nauyin ƙasa ya rinjaya yamma, manyan ofisoshi da makarantu suka bi shi, kuma Yamai ce babban birni har yau.

Ya bar Nijar a 1929. Bayan ɗan zama a Kodibuwa, sai ya hau kujerar Dakar da ya daɗe yana yi wa biyayya, daga 1930 zuwa 1936. A can ya rubuta wa mataimakansa umurni a 1932 kan yadda za a zaɓi sarakuna a kuma yi aiki da su, ya kuma kafa cibiyar binciken IFAN. Daga nan aka ba shi Indocin har 1939.

A Afrilun 1942 ya karɓi muƙamin ministan ƙasashen mallaka a gwamnatin Vichy, wadda ke aiki da Jamusawan da suka mamaye Faransa, ya riƙe har Maris 1943. Da yaƙi ya ƙare aka gurfanar da shi. A 1947 babbar kotu ta yanke masa ɗaurin shekara goma, ta kuma tuɓe masa darajarsa ta ɗan ƙasa. A lokacin Barma Mustafa yana nan kan karagarsa. Brévié ya mutu a yankin Cantal a watan Yuli 1964, shekara huɗu bayan Nijar ta samu mulkin kai.