A'ishatu Fallatiya, 'Yar Malamin Da Ta Fara Waƙa A Rediyon Sudan

A nan Katsina, tun daga Ƙofar Ƙwaya har Ƙofar Soro, da wuya a sami unguwar da ba ta da labarin wani wanda ya tafi Makka a ƙasa bai komo ba. Hanyar gabas doguwa ce. Mutum ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya sami guzuri, sa'an nan ya ƙara gaba. Da yawa sun sauke farali, amma suka yi zamansu a Sudan, suka hayayyafa. Mutanen can duk wanda ya fito daga wajenmu, ko Bahaushe ne, ko Bafillace, ko Babarbare, Fallata su ke ce masa, sau da yawa kuwa da raini a bakinsu. To, yau za mu ba da tarihin wata 'yar irin waɗannan baƙi, wadda ta ɗauki sunan nan ta maishe shi abin alfahari.

Sunanta A'ishatu Musa Ahmad. A Kassala aka haife ta, kusa da iyakar Eritiriya. Iyayenta duka biyu daga ƙasar Sakkwato suka fito, aikin hajji ya kai su can. Uwarta Bahausa ce, ubanta kuwa malami ne Bafillace, yana da makarantar allo a Omdurman, birnin da ke ƙetaren Nilu daura da Hartum. A gabansa ta yi karatun Alƙur'ani. Malaman makaranta da ke karanta wannan shafi sun san abin da tilawa ke koya wa yaro: fitar da harafi daga mafitarsa, da jan numfashi, da sanin inda a ke tsayawa. Masu ba da tarihinta sun jingina gwanintar muryarta ga wannan karatu, mu ma ba mu ga dalilin musu ba.

Tana da shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki, irin waƙar mata da a ke yi da tafi da ɗan gangan yumɓu mai suna dalluka. Ran uban ya ɓaci ƙwarai, don a lokacin nan mace mai waƙa a bainar jama'a ba ta da daraja a idon mutane, balle 'yar malami. Ya yi mata aure ko ta bari. Auren bai daɗe ba ya mutu, ta koma kan sana'arta.

Da a zamanin kakanninta ne, da iyakarta ke nan: zabiyar unguwa, a yi biki a watse, a manta. Abin da ya sāke al'amarin shi ne na'ura. Wajen ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji muryarta, aka kai ta Alƙahira ta yi waƙoƙi a faifan garmaho. Faifan wancan zamani gefe guda bai fi minti uku da 'yan kai ba, saboda haka waƙar da a ke ja ana maimaitawa har dare ya raba, tilas a tsuke ta, a yi mata farko da ƙarshe. A kan faifan nan ne aka rubuta sunan A'isha Fallatiya. Nan da nan masu gidajen gahawa na Sudan suka shiga sa shi, mazan da ba za su taɓa zama cikin taron mata ba suka ji ta suna kurɓar shayinsu.

Ana nan sai Yaƙin Hitila ya taso. A 1940 Ingilishi suka buɗe gidan rediyo a Omdurman don ba da labarin yaƙi, a shekarar kuwa sojan Italiya suka kama Kassala, garin haihuwarta, sai a farkon 1941 aka ƙwato shi. A'ishatu ta riƙa zuwa tana yi wa sojojin Sudan waƙa tana ƙarfafa musu zuciya. A 1942 ta shiga gidan rediyon, ta zama mace ta farko da aka ji tana waƙa a cikinsa. Ƙanwarta Jidawiyya ce ta kaɗa mata udu, watau garayar nan ta Larabawa mai faɗin ciki.

Masu sauraro sun yi murna, amma fa ba kowa ba. Wasu suka yi ta suka, har waɗansu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan rediyon don an sa mace a inda su ke tsayawa. Ga ta mace, ga ta kuma Bafallata, abin gori ya zama biyu. Tsanani ya kai har ta yi tunanin tattara kayanta ta komo Nijeriya, ƙasar iyayenta. Ba ta taso ba. Jama'a suka ci gaba da neman waƙarta, masu ƙauracewa suka gaji suka dawo, daga baya ma har ta riƙa haɗa murya da maza a waƙa guda.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne irin kiɗan da ya fito daga wannan gida. Kalmomin na Larabcin Sudan ne, yawancinsu na bege, mawallafa maza ke tsara mata. Udu daga Masar ya zo. Goge irin na Turawa da akodiyan suka shigo cikin ƙungiyar makaɗan rediyo, ga kuma makirufo, wanda ya sa mai waƙa ba ta bukatar ɗaga murya kamar a filin biki, tana iya sassautawa a ji ta a Kassala da Darfur. Amma karin waƙar bai koma na Masar ko na Turai ba. A kan gaɓoɓin sauti biyar ya ke hawa da sauka, kamar yawancin kiɗan ƙasarmu, shi ya sa Bahaushen da bai san Larabci ba ya kan ji waƙar Sudan ta kwanta masa. Jita mai aiki da lantarki ba ta yi ƙarfi a can ba sai a shekarun 1960, a hannun samari irin su Sharhabil Ahmad, lokacin kuwa ita ta riga ta manyanta.

Ba bege kaɗai ta waƙe ba. Ta goyi bayan haƙƙin mata da na ma'aikata, da neman mulkin kai, wanda Sudan ta samu ran 1 ga Janairu 1956. Hausarta kuma ba ta ɓace ba, don ta yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, waƙar maraba da Hausa a kan kiɗan Sudan, aka yi ta sa ta a rediyo a nan Arewa. Waƙoƙin da aka ɗauka nata sun haura 150, mafi yawansu na Rediyon Omdurman. Ta sāke aure, ta kan kai ziyara Masar inda a ke sonta ƙwarai, amma Omdurman ce gida. A can Allah ya yi mata rasuwa ran 24 ga Fabrairu 1974.