István Széchenyi

István Széchenyi, ana furta sunan Ishtuwan Secenyi (21 ga Satumba, 1791 – 8 ga Afrilu, 1860), ɗan siyasa ne kuma marubuci daga ƙasar Hangari. Shi ne ya kafa tseren dawaki irin na zamani a ƙasarsa, kuma yana cikin jagororin gyaran tattalin arziki da ilimi na Hangari a ƙarni na 19. Har yau mutanen ƙasar suna yi masa laƙabi da mafi girman ɗan Hangari.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Biyana, a gidan masu sarauta da filaye masu yawa. A lokacin Hangari tana ƙarƙashin sarakunan Habsburg na Ostiriya. Mahaifinsa, Ferenc Széchényi, shi ne ya ba da tarin littattafansa da kayan tarihi a 1802, wanda ya zama tushen ɗakin karatu na ƙasa da gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Sunan mahaifiyarsa Julianna Festetics.

Ya shiga soja a 1809, ya yi aiki a rundunar mahaya dawaki a yaƙe-yaƙen Napoleon, har da yaƙin Leipzig na 1813. Ya ajiye aikin soja a 1826.

Tseren dawaki

Széchenyi ya fara zuwa Ingila a 1815, ya sake komawa a 1822 tare da abokinsa Miklós Wesselényi. A can ya ga yadda ake zaɓen irin dawaki, da yadda filin sukuwa ke nuna dokin da ya cancanci a bar shi don haihuwa. Ya sayo dawakan Ingila ya kai gidansa da ke Nagycenk, inda ya buɗe wurin kiwo.

A ganinsa, tsere hanya ce ta gyara irin dawakan ƙasar, a zamanin da soja da manomi da matafiyi duk da doki suke dogara. Yana da wata manufa kuma: yawancin attajiran Hangari a Biyana suke zaune suna kashe dukiyarsu, shi kuwa yana so bikin sukuwa ya riƙa tara su a Pest kowace shekara, su zauna su tattauna al'amuran ƙasa.

An gudanar da tsere na farko a Pozsony, wato Bratislava ta yau, a 1826. Ranar 6 ga Yuni, 1827 aka yi na farko a Pest. A 1828 ya wallafa littafinsa na farko, Lovakrul, wanda ya yi magana kan dawaki da kiwonsu. Ƙungiyar da aka kafa don shirya tseren ta koma ƙungiyar kiwon dabbobi a 1830, daga baya ta zama ƙungiyar aikin gona ta ƙasa.

Siyasa da manyan ayyuka

A 1825, a zaman majalisa a Pozsony, ya yi alkawarin ba da kuɗin shigarsa na shekara guda domin kafa cibiyar raya harshen Hangari. Wannan ce ta zama Cibiyar Kimiyya ta Hangari. A 1827 ya kafa kulob ɗin manyan mutane a Pest.

Littafinsa Hitel na 1830 ya tayar da ƙura, domin ya nuna cewa tsofaffin dokokin gadon ƙasa sun hana masu filaye samun bashi, kuma aikin tilas da talakawa ke yi ba ya kawo riba. Világ ya biyo baya a 1831, sai Stádium a 1833. Ya yi aikin buɗe kogin Danube ga jiragen ruwa, ya jagoranci gyaran kogin Tisza, kuma shi ne ya dage sai an gina gadar sarƙa tsakanin Buda da Pest, wadda aka buɗe a 1849.

Ya yi saɓani mai tsanani da Lajos Kossuth. Széchenyi yana son gyara sannu a hankali ba tare da rigima da Biyana ba, yana tsoron gaggawa za ta jefa ƙasar cikin yaƙi.

Ƙarshen rayuwa

A juyin 1848 ya zama ministan ayyuka da sufuri a gwamnatin Lajos Batthyány. Da yaƙi da Ostiriya ya ƙarato, sai hankalinsa ya taɓu, yana ɗora wa kansa laifin abin da zai sami ƙasar. A watan Satumba aka kai shi asibitin Döbling kusa da Biyana, inda ya zauna har mutuwarsa. Da ya samu sauƙi ya koma rubutu, aka buga wata ƙasidarsa ta sukar mulkin Ostiriya a Landan a 1859 ba tare da sunansa ba. 'Yan sanda sun binciki ɗakinsa a watan Maris na 1860, bayan 'yan makonni ya harbe kansa. An binne shi a Nagycenk.

Iyali

Ya auri Crescence Seilern a 1836, suka haifi maza biyu, Béla da Ödön. Ödön ya tsara aikin kashe gobara a Istanbul, har Daular Usmaniyya ta ba shi muƙamin fasha.

Abin da ya bari

Kiwon dawakin Hangari ya kai ƙololuwa bayan mutuwarsa. Kisbér, dokin da aka haifa a Hangari, ya lashe gasar Derby ta Ingila a 1876. Goɗiya Kincsem ta shiga tsere 54 tsakanin 1876 da 1879, ta cinye su duka, kuma filin tsere na Budapest sunanta yake ɗauke da shi. Gadar sarƙa tana ɗauke da sunan Széchenyi, hotonsa kuma yana kan takardar kuɗi ta forint 5,000.