Babban Gwani, maginin Zariya

Muhammadu Durugu magini ne da ya yi zamani a birnin Zariya, cikin Najeriya, a ƙarni na 19. Saboda iya aikinsa, aka yi masa laƙabi da Babban Gwani.

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846), ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Bai sa siminti ko kwano ba. Da tubali da laka ya ta da bango, ya ɗaure rufi da azarar giginya.

Bangon ƙasa mai kauri yana tare zafin bazara, yana riƙe ɗumi lokacin hunturu.

Babban Gwani ya rasu, amma zuriyarsa ta gaji sana'arsa. Yara, kada ku rena ginin ƙasa!