Abdulkarim Baturen Jamus da Zaren Ƙasar Kano

An haifi Heinrich Barth a birnin Hambug na ƙasar Jamus a shekarar 1821. Masani ne na tarihi da harsuna, ya kuma iya Larabci da Hausa. Ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya kuma ƙetaro hamada. Daga Katsina ya ratso ta Kusada da Bichi, ya shiga birnin Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851.

Babban abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne tufafin Kano, waɗanda fatake ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ya ƙiyasta darajarsu a shekara da kuɗin wuri miliyan 300. Ya kuma yaba da cewa a cikin gidaje ake sana'ar, iyali na ci daga gare ta ba tare da sun watse ba.

Tushen wannan arziki kuwa yana hannun iyayenmu mata na karkara. Su ke gurzar auduga su fitar da angurya, su shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sannan su shafa alli a yatsu su kaɗa ta da mazari. Abawa ko arafiya, daga nan zare ke isa ga masaƙa da marina.

Abdulkarim ya wallafa labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar, ya rasu a Balin a 1865. Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, baƙo ya rubuta darajar wannan sana'a. Wajibinmu ne mu nemi iliminta wurin tsofaffinmu tun suna raye.