Taslim Elias: Ma'aikacin jirgin ƙasa da ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Kotun Duniya

Matafiyin da ya bar Damagaram ya nufi Tanut zai wuce matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a shekarar 2011 a ƙasar Damargu. Kamfanin CNPC na China ne ke da kashi 60 cikin ɗari na matatar, gwamnatin Nijar kuma tana da kashi 40.

Manyan ayyuka irin wannan kan tsaya ne a kan yarjejeniya, kuma galibi akwai sashen da ke faɗin inda za a je idan an samu saɓani, da wanda zai yi hukunci. Shekaru da dama ana rubuta dokokin da ke raba irin wannan gardama ba tare da an tuntuɓi ɗan Afirka ba. Cikin waɗanda suka sauya wannan hali akwai wani lauya ɗan Legas, Taslim Olawale Elias.

Daga ofishin jirgin ƙasa zuwa Landan

An haifi Elias a Legas ranar 11 ga Nuwamba, 1914, a gidan Musulmi. Ya yi karatu a makarantar CMS da kwalejin Igbobi, sannan ya kama aiki a hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya. Yana wannan aiki ya fara karatun digirinsa na farko na Jami'ar Landan ta hanyar karatu daga gida.

A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Landan karatun lauya yana kusan shekara 30. Ya samu digirin shari'a a 1946, ya zama cikakken lauya a 1947, sannan ya kammala digirin digirgir a 1949.

Daga nan ya yi aikin bincike a jami'o'in Manchester da Oxford. Littafinsa na 1956 kan dokokin gargajiya na Afirka ya ƙalubalanci Turawan da ke ganin al'ummomin Afirka al'adu kawai suke da su. Ya nuna cewa ƙa'idojin gona da gado da aure da bashi da ake bi a garuruwanmu doka ce cikakkiya, mai hukunci da masu zartar da ita.

Antoni-Janar na farko

Da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, Elias ne ya zama Antoni-Janar kuma Ministan Shari'a a gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa. Juyin mulkin Janairun 1966 ya raba shi da muƙamin, amma kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Yakubu Gowon ta dawo da shi, ya ci gaba har 1972.

A wannan tsakani yana cikin lauyoyin da suka tsara kundin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, a 1963, da kuma dokar hukumarta ta sulhu da sasanci wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1964. Buƙatar hukumar a fili take: a ƙarshen 1963 Nijar da Dahomey, wato Benin ta yanzu, sun kusa gwabzawa kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara. Sai dai hukumar ba ta yi wani aikin a-zo-a-gani ba, domin shugabanni sun fi son su sasanta a tsakaninsu.

Shekarun nan ba su rasa tabo ba. Yana Antoni-Janar aka yi shari'ar cin amanar ƙasa da ta kai Obafemi Awolowo kurkuku a 1963. Yana kan muƙamin kuma a 1970 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 28, wadda ta rushe hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Lakanmi kan ƙwace kadarori. Masu sukarsa har yau suna tuna wannan.

Taron Vienna

Aikin da ya fi fito da sunansa a duniya shi ne taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe, wanda aka yi a Vienna a 1968 da 1969. Elias ne ya shugabanci babban kwamitin da ya bi daftarin sashe-sashe.

Taron ya zo a lokacin da Afirka ke fushi da Kotun Duniya. A 1966 kotun ta yi watsi da ƙarar da Habasha da Laberiya suka kai Afirka ta Kudu kan mulkin da take yi wa ƙasar da ake kira Namibiya a yau. Alƙalai sun rabu biyu daidai, shugaban kotun, Percy Spender ɗan Ostireliya, ya raba gardama da ƙuri'arsa.

Saboda haka a Vienna ƙasashen Yamma suka dage sai an tilasta kai saɓani kotu, wasu da dama daga Afirka da Asiya da ɓangaren Tarayyar Soviet suka ƙi. Taro ya kusa watsewa. Elias ne ya jagoranci matsayar da ta ceto shi: saɓanin da ya shafi manyan ƙa'idojin da babu ƙasar da ke da ikon ketare su zai iya zuwa kotu, sauran kuma a kai su gaban kwamitin sulhu. An amince da yarjejeniyar a watan Mayun 1969, kuma har yau ita ce madogara wajen fassara alkawuran ƙasashe.

An tsige shi a gida, an zaɓe shi a waje

A 1972 ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya. Bayan juyin mulkin 1975, gwamnatin Murtala Muhammed ta sauke shi a cikin garambawul ɗin da ta yi wa ma'aikata. Cikin 'yan watanni kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓe shi alƙali a Kotun Duniya da ke birnin Hague, ya kama aiki a 1976.

Wannan kotu daban take da ICC mai hukunta mutane kan laifukan yaƙi. Ita ƙasa da ƙasa kawai take yi wa shari'a, kuma alƙalanta 15 ne.

Ya zama mataimakin shugaba a 1979, ya riƙe kotun bayan rasuwar Humphrey Waldock a 1981, sannan ya zama shugaba daga 1982 zuwa 1985. Shi ya jagoranci zaman da ya yanke hukunci a 1982 kan iyakar ƙarƙashin teku tsakanin Tunisiya da Libiya, yanki mai arzikin mai.

Babbar jarrabawar ta zo a 1984, lokacin da Nikaraguwa ta kai ƙarar Amurka kan dasa nakiyoyi a tasoshin jiragen ruwanta da tallafa wa 'yan tawaye. Amurka ta ce kotun ba ta da hurumi. A watan Nuwamban shekarar, kotun ƙarƙashin Elias ta ce tana da shi. Amurka ta fice daga shari'ar, amma a 1986 aka yanke cewa ta karya doka, kuma Elias na cikin alƙalan da suka yi rinjaye.

Abin da ya biyo baya

Elias ya rasu a Legas ranar 14 ga Agusta, 1991, yana alƙalin kotun. Bola Ajibola ne ya gaje kujerarsa.

Bayansa ƙasashen yankinmu sun riƙa kai rikicin iyaka Hague maimakon fagen daga. A 1994 kotun ta ba Chadi yankin Awuzu da Libiya ta mamaye. A 2002 ta ba Kamaru Bakassi. A 2005 ta ba Nijar tsibirin Lete, shekara fiye da 40 bayan rikicin farko, sannan a 2013 ta raba iyakar Nijar da Burkina Faso.

Rigimar gwamnati da kamfani kuwa gaban alƙalan sasanci take zuwa, kuma can ne har yanzu muke da rauni. A 2017 irin wannan kwamiti ya ci Najeriya tarar dala biliyan 6.6 saboda kwangilar masana'antar gas da kamfanin P&ID bai taɓa ginawa ba. Kuɗin ruwa ya kai bashin kusan dala biliyan 11 kafin wata kotun Landan ta soke hukuncin a 2023 saboda cin hanci. Ita ma Nijar tana fuskantar ƙarar kamfanin Orano na Faransa kan ma'adinin yuraniyom.

Ana cin irin wannan shari'a ko a faɗi tun ranar da ake rubuta yarjejeniya, kuma a wannan teburin Elias ya shafe yawancin rayuwarsa. Ga matashin Tanut ko Belbeji da ke kallon tankokin mai suna fita daga matatar yankinsu, tambayar ita ce su wa ke karanta wa ƙasarsa takardun kafin a sa hannu.