Tarihin Mazan Jiya: Sarkin Katsina Usman Nagogo, Gwarzon Ƙwallon Dawaki

A wannan fitowa ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta kawo muku tarihin Mai Martaba Sarkin Katsina, Alhaji Usman Nagogo ɗan Muhammadu Dikko. Da yawanmu mun san shi a matsayin sarki, amma kaɗan ne suka san cewa yana cikin manyan 'yan wasan da Najeriya ta taɓa yi. Ya samu girma iri biyu a rayuwarsa, akwai wanda ya gada, akwai kuma wanda ya samu da guminsa a filin wasa. Na biyun ne za mu fi tsayawa a kansa.

An haifi Usman Nagogo a birnin Katsina a 1905. Shekara ɗaya bayan haka, a 1906, mahaifinsa Muhammadu Dikko ya zama Sarkin Katsina, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa. Nagogo ya fara da karatun allo da na littattafan addini, sannan ya shiga makarantar lardi ta Katsina. A 1921 ya bi mahaifinsa zuwa Ingila, inda suka gana da Sarki George na Biyar. Ya dawo ya ci gaba da karatunsa har ya kammala a 1923. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan doka na En'e, a 1937 kuma ya zama Magajin Gari, hakimin birnin Katsina.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu yi bayanin wasan da ya sa ya yi suna, domin a nan yankinmu ba kasafai ake ganinsa ba. Ƙwallon dawaki, wadda ake kira folo, wasa ne na mahaya takwas, huɗu a kowane ɓangare. Tsawon filin yadi 300 ne, wato ya kusa tsawon filin ƙwallon ƙafa uku a jere. Kowane mahayi yana riƙe da doguwar sanda mai kan guduma, kuma doka ta ce da hannun dama kawai ake riƙe ta, linzami a hagu. Ana bugun wata ƙaramar ƙwallo mai tauri alhali doki yana sukuwa, har a shigar da ita tsakanin ginshiƙai biyu. Ana yin wasan zango-zango, kowane zango minti 7, sannan a sauya doki saboda gajiya. Ke nan ɗan wasa yana aiki uku a lokaci guda: sarrafa doki, bin ƙwallo, da lura da abokan wasa.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wasan Najeriya, aka fara shi a Legas a 1904, daga baya hafsoshin soja suka kawo shi Arewa. Da farko wasan Turawa ne zalla. Sarki Dikko, wanda aka san shi da son dawaki, shi ya buɗe wa 'yan ƙasa ƙofa. Ya ware fili a Katsina, ya tanadi dawaki, ya sa 'ya'yansa da yaran fada suka koya. Idan da a ce makaranta ce, to Dikko ne malamin wasanni, Nagogo kuma zaƙaƙurin ɗalibinsa. Ba a daɗe ba ƙungiyar Katsina ta fara karawa da ƙungiyoyin hafsoshin Ingila tana cinye su, a zamanin da Turawa da yawa ke ganin baƙar fata ba zai iya abin da suke iyawa ba.

A ƙwallon dawaki akwai wani ma'auni na auna gwanintar kowane ɗan wasa. Yana farawa daga -2 ga sabon shiga, ya tsaya a 10, wanda shi ne ƙololuwa. Kwamiti ne yake zama ya duba yadda mutum ke hawa, yadda yake bugu da yadda yake haɗa kai da sauran, sannan ya ƙara masa ko ya rage. Yawancin masu wasan a duniya suna gama rayuwarsu ba su wuce 2 ba, wanda ya kai 5 kuwa an san shi a ko'ina. Usman Nagogo ya kai 7. Har yau masu bin tarihin wasan suna ambaton wannan a matsayin mafi girma da wani ɗan Najeriya ya taɓa kaiwa. Daga baya Ƙungiyar Ƙwallon Dawaki ta Najeriya ta naɗa shi shugabanta na tsawon rai.

Mu tsaya mu yi tunani a nan. Ɗan sarki yana iya samun doki mai kyau ba tare da wahala ba, yana iya samun fili da masu hidima. Amma doki bai san ɗan sarki ba, idan mahayi ya yi sake zai kayar da shi kamar kowa. Ƙwallo ma ba ta jin tsoron rawani. Wannan lamba ta 7 ba a gadonta, ba a sayenta, kuma duk lokacin da kwamiti ya ga mutum ya ja baya zai rage masa. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sarki Dikko ya rasu a 1944, aka naɗa Nagogo a gurbinsa, Gwamna Arthur Richards ya ba shi sanda a watan Mayu na shekarar. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sabon sarkin ya yi tafiya har Indiya da Bama don duba sojojin Najeriya da ke fagen fama, waɗanda akwai 'yan ƙasar Katsina a cikinsu. A 1952 aka naɗa shi minista marar ma'aikata. Gwamnatin Ingila ta ba shi lambobin girma har uku: CBE a 1948, CMG a 1953, sannan KBE a 1962. Waɗannan an ba shi ne saboda aikin mulki, sarakuna da dama kuma sun samu irinsu. Matsayinsa na filin wasa ne ba shi da abokin tarayya a ciki.

Yankinmu yana cikin masarautar da ya mulka tsawon shekara 37. Sarkin Maska na Funtuwa, Galadiman Katsina na Malumfashi da Makama na Bakori duk hakimansa ne, kuma kowace Sallah su da dawakansu suna zuwa birni a yi hawa. Audugar da kakanninmu suka noma aka kai injin gurza, da harajin da suka biya, suna cikin abin da ya riƙe baitulmalin Katsina a wancan zamani. Don haka tarihinsa namu ne, ba na mutanen birni kaɗai ba.

Kamar yadda mahaifinsa ya horar da shi, haka shi ma ya horar da nasa 'ya'yan. Ɗansa Hassan Usman Katsina, wanda ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966 kuma ya kai muƙamin Manjo Janar, fitaccen ɗan ƙwallon dawaki ne har rasuwarsa a 1995. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaje shi ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008, shi ma gwani ne a wasan. Har gobe ana gasar ƙwallon dawaki a Katsina, a babbar gasar Kaduna kuma akwai Kofin Sarkin Katsina. Allah ya yi wa Sarki Usman Nagogo rasuwa ran 18 ga Maris, 1981. A birnin Katsina akwai titi da kwalejin nazarin Larabci da addinin Musulunci da ke ɗauke da sunansa.

To, mu da ba mu da dawaki, me za mu ɗauka? Gaskiya ne ƙwallon dawaki wasan masu hali ne, ɗan manomi ba zai iya ciyar da doki huɗu ba. Amma muna da ƙwallon ƙafa, da gudu, da tsalle, da langa da kokawa, kuma duk doka ɗaya ce ke tafiyar da su: wanda ya yi atisaye shi ke ci. Abin da ya rage mana shi ne adana sunan wanda ya ci. A Amurka akwai wasan besbol, na bugun ƙwallo da kulki, wanda ɗaliban jami'a ke yi. Tun 1987 suke ba ɗalibin da ya fi kowa a ƙasar kofin Dick Howser duk shekara, suna kuma zaɓen gwarzon mai horarwa, sunayen duka a rubuce. Mu kuwa, wa zai iya faɗin wanda ya ci tseren mita 100 a gasar gidaje shekara biyar da suka wuce, ko malamin da ya horar da shi?

Saboda haka muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, a tanadi allo ko littafi na musamman da za a riƙa rubuta sunayen zakarun kowace shekara, maza da mata, tare da malaman da suka tsaya da su a rana. A ba da kyauta bisa abin da aka gani a fili, ban da sanayya ko ɗan wane. Mu kuma ɗalibai, mu fito atisaye da yamma, kada mu jira sai ana saura mako guda gasa. Ƙungiyarmu ta ɗauki alkawarin manna sunayen a wannan bango da zarar an kammala gasar bana.

Allah ya jiƙan Sarki Usman Nagogo da rahama, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.